Bashin Falle Da Littafin Karl Marx

Har yau ban yarda da masu cewa tunanin Karl Marx ya bi shi kabari ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wata masana'anta a Bompai ko Sharaɗa lokacin tashi daga aiki, ya kuma san abin da ake biyan masu fitowar a ƙarshen wata, ya san tambayar da mutumin ya yi a babban littafinsa na 1867 tana nan da ranta. Idan gumin ma'aikaci ne ya mayar da auduga yadi, me ya sa mai injin ke ta bunƙasa, mai gumin kuwa kullum jiya i yau? Amsar Marx ita ce, albashi kuɗin ƙarfin mutum ne, abin da zai ci ya rayu ya dawo gobe. Abin da ƙarfin ke samarwa a yini kuwa ya fi albashin, rarar kuma aljihun mai jari take shiga. Da ita ake sayen sabon inji, a ƙara ɗaukar ma'aikata, a ƙara samun rara. Na fara da wannan ne don kada a zaci tuba na zo yi daga aƙidar. Ɓarnar da na yi da ita a garinmu nake so in faɗa, ɓarnar da mutanen da na ce ina yi dominsu suka biya kuɗinta.

Mu da muka yi karatu a Zariya a farkon shekarun 1980, iskar da muka shaƙa ke nan. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Wanda bai ga yadda mahaifinsa ke rasa barci idan lokacin haraji ya ƙarato ba, ba zai gane girman wannan abu ba. A 1980 aka fara hutun ranar ma'aikata a Kano, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. A 1981 ɗin ne kuma aka tsige Balarabe a watan Yuni, aka kashe Dakta Bala Muhammad a Kano a watan Yuli. Sunan Dakta Yusufu Bala Usman na tashe a jami'a, littattafan Marx da Lenin da Mao suna yawo daga ɗaki zuwa ɗaki har bangonsu ya tsufa. Muna kuma da hujja ta gida, domin tun 1950 Sanarwar Sawaba ta NEPU ta yi maganar gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e. A wurinmu Markisanci fassara ce ta abin da iyayenmu suka sha a hannun dogari.

Da wannan kaya na koma garinmu a ƙasar Katsina, malamin sakandare, matashi, mai albashi.

A garin akwai wani Alhaji mai sayen hatsi. Da kaka yakan saye gero da dawa lokacin da kowa ke neman kuɗin biki da sutura, farashi na ƙasa, ya cika rumbunansa. Da damina ta kankama, rumbun talaka ya ƙare, ga noma ana tsakiyarsa, sai a bi shi da dare a karɓi falle: dami ɗaya yanzu, a biya biyu idan an girbe. Wanda ya biya biyu a kaka, hatsinsa zai ƙare da wuri a shekara mai zuwa, ya sake komawa. Akwai magidantan da suka shekara da shekaru a cikin wannan kewaye. Wasu ma sukan bar tasu gonar ciyawa na cinye ta su tafi ƙwadago a gonar Alhajin, don su sami na tuwon dare. Na zauna na yi lissafi a takarda, lissafin kuma daidai ne. Har gobe ina tsaye a kan cewa zalunci ne, malamanmu ma ba su taɓa kiransa da wani suna ba sai riba.

Kuskurena ya fara ne daga abin da na yi da lissafin. Lenin ya raba manoman Rasha gida uku a littafinsa na 1899, mawadata da matsakaita da matalauta, sai na ɗauko wannan ma'auni na ɗora wa garinmu, na sa kowa a gurbinsa ba tare da na tambayi kowa komai ba. Na kuma karanta inda ya nuna a 1902 cewa ma'aikata su kaɗai ba sa wuce neman ƙarin albashi, sai 'yan gaba-dai masu ilimi sun kawo musu wayewar juyin juya hali daga waje. Wannan magana ta yi mini daɗi, domin ni ta ɗora a gaba. Ni da wasu abokai muka kafa ƙungiyar manoma a kakar 1982. Muka tara mutane a filin makaranta, na yi jawabi, na kira Alhaji mai shan jinin talaka a bainar jama'a. Muka yanke cewa wanda ya karɓi dami ɗaya ya mayar da ɗaya, kada ya ƙara ko zangarniya. Muka yi alkawarin rumbun tsimi na ƙungiya, kowa ya zuba abin da ya samu, da rancen da muka ce za mu nemo daga wani ofishin gwamnati.

Mutane sun yi tafi. Wanda ake bi biyu aka ce ya biya ɗaya, yaya ba zai yi tafi ba?

Mutum ɗaya ne ya kira ni gefe, ƙanin mahaifiyata, wanda shi ma yana cikin masu karɓar fallen. Ya ce, "Malam, rumbun naku an gina shi?" Na ce za a gina, Kawu. Ya ce, "Da me za a cika shi? Wanda ke da abin zubawa ai ba ya cikin masu zuwa wurin Alhaji." Na yi masa bayani mai tsawo a kan haɗin kan talakawa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, ba a ganin hadari a zubar da ruwan tulu." Na tafi ina tausaya masa, ina cewa a raina tsoro ya riga ya zauna a zuciyar tsofaffi. Ga shi tambayar da ya yi mini ita ce tambayar tattalin arziki mafi nauyi da aka yi a duk wannan al'amari, amma saboda ba daga littafi ta fito ba, ban ɗauke ta ilimi ba.

Abin da aka tara a rumbun ƙungiya bai taka kara ya karya ba. Takardar rancen ta shiga ofis ba ta fito ba. Alhaji bai yi faɗa da kowa ba, bai kai ƙara ba. Ya karɓi ɗaya-ɗayan da aka kawo masa, ya yi shiru. Da damina ta zo, masu bin dare suka je, ya ce ya daina ba da falle, tunda an ce zalunci ne. Daminar 1983 kuwa ruwa ya yi ƙaranci, kamar yadda duk ƙasar Hausa ta shaida, ta 1984 ma ba ta yi daɗi ba. Da yunwa ta matsa, Alhaji ya sake buɗe ƙofa, amma da sabon sharaɗi. Maganar baki ta ƙare tunda an karya ta sau ɗaya. Mai son hatsi ya kawo gona jingina, a gaban shaidu. A da dami ake rasawa, yanzu ƙasa ce ke tafiya. Kawu ya jinginar da fadamarsa, wadda ita ce ke riƙe gidansa da rani. Ba shi kaɗai ba ne.

Ni kuwa albashina na zuwa. Wani lokaci yakan yi jinkiri, amma yana zuwa. Ban kwana da yunwa ba ko sau ɗaya a shekarun nan. Wannan ne abin da ya fi yi mini ciwo idan na tuna: na zana jadawalin azuzuwan garinmu kaf, na sa Alhaji a sama, na sa su Kawu a ƙasa, ban sa kaina a ko'ina ba. Da na yi wa kaina adalcin da Marx ke nema, da na ga cewa ni ɗan wani aji ne da ke iya yin caca da abincin wasu ba tare da nasa ya taɓu ba. Da na kuma tuna cewa babban mai tatsar manomin Arewa a zamanin dalar gyada hukumar sayen amfanin gona ce, wadda ke yanka wa gyada da auduga farashi ƙasa da na kasuwar duniya, tun daga ƙarshen shekarun 1940 har aka rushe irin waɗannan hukumomi a 1986. Rarar tana cikin abin da gwamnatin Arewa ta yi ayyukanta da shi, har da makarantun da suka yi ni. Gumin su Kawu ne ya koya mini kalmomin da na zo ina yi musu jawabi da su.

Sai daga baya, da na koma karatu da zuciyar da ta sha kunya, na ga cewa abin da na yi a ƙaramin gari an yi shi a manyan ƙasashe, da bindiga a hannu. A ƙarshen 1929 Stalin ya shelanta kawar da manoma mawadata a matsayin aji. Aka kwashe sama da mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa wurare masu nisa cikin shekara biyu, aka tura sauran gonakin haɗaka, gwamnati ta zama mai saye ɗaya tilo. Yunwar 1932 da 1933 ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan da sassan Rasha. Akwai wani masanin tattalin arzikin karkara, Aleksanda Cayanof, da ya shafe shekaru yana nazarin gidajen manoma, ya nuna cewa gidan manomi ba da lissafin riba irin na masana'anta yake tafiya ba, yawan bakin da za a ciyar da yawan hannun da za su yi aiki ne ke juya shi. Duk wanda ya tashi a gandu ya san haka. An kama shi a 1930, aka harbe shi a 1937. A ƙasar Sin, gagarumin shirin Mao na 1958 ya ƙare da yunwar da ko ƙiyasi mafi sauƙi ya ce ta ci mutum miliyan 15. Abin da ya fara warware matsalar daga manoman ya fito: a 1978 magidanta 18 a ƙauyen Shiyawogang na lardin Anhui suka yi yarjejeniya a ɓoye suka raba gonar haɗaka a tsakaninsu, daga baya gwamnatin ƙasar ta mayar da tsarin na ƙasa baki ɗaya.

Na Afirka ya fi kusa da ni. A Habasha, gwamnatin soja ta Derg ta ƙwace ƙasa daga manyan masu gonaki a watan Maris na 1975 ta ba masu noma ta, kuma wannan adalci ne da manoman kudancin ƙasar suka daɗe suna jira. Amma sai ta kafa hukumar sayen hatsi a 1976, aka ɗora wa manoma kason da dole su sayar mata a farashi mai rahusa, aka kafa shingaye a hanya aka takura fatake. Da fari da yaƙi suka haɗu a 1984, hatsi ba ya iya tafiya daga inda yake zuwa inda ake mutuwa. A Tanzaniya, Julius Nyerere, mutumin da ban taɓa shakkar gaskiyar zuciyarsa ba, wanda ya kai karatu da asibiti ƙauyukan da ba su taɓa gani ba, ya wajabta komawa ƙauyukan Ujama'a a 1973, ya rushe ƙungiyoyin gama-kai na manoma a 1976 ya maye gurbinsu da hukumomin gwamnati, har sai da aka dawo da su bayan 1982. Wanda ya fi kama da nawa shi ne na Gini. A 1975 Seku Ture ya haramta kasuwancin 'yan kasuwa masu zaman kansu, ya sa 'yan sandan tattalin arziki su tsare. Kasuwanni suka bushe. Ranar 27 ga Agusta 1977 matan kasuwar Konakiri suka fito suka tunkari fadarsa, tarzomar ta bazu zuwa wasu garuruwa, dole aka sassauta. A duk waɗannan wurare an gano mai cin zalin daidai ko kusa da daidai. An kore shi, ba a tanadi wanda zai yi aikin da yake yi ba, wato ajiya da dako da ba da rance lokacin da babu, kuma ba a tambayi mai abin ba.

Ba na haɗa kaina da Stalin, ba na kuma wanke Alhaji. Mutumin da ya karɓi gonar maƙwabcinsa a shekarar yunwa ya san abin da ya yi, Allah ma Ya sani. Amma tushen abin ɗaya ne: mai ilimi ya tabbata ya fi talaka sanin maslahar talaka, ya yanke hukunci a madadinsa, sannan idan abu ya ɓaci wani ne ke kwana da yunwa.

Abin da ya ƙara mini kunya shi ne, Marx kansa ba haka ya yi aiki ba. Shekaru ya yi a ɗakin karatu na Landan yana bin rahotannin masu duba masana'antu, awa nawa yara ke aiki, nawa ake biya, wane ciwo ke kama masu wane aiki. Abokinsa Engels ya zaga unguwannin ma'aikatan Manchesta da ƙafarsa kafin ya rubuta littafinsa na 1845. A 1880 Marx ya tsara tambayoyi kusan ɗari don a raba wa ma'aikatan Faransa su amsa da kansu. A 1881, da 'yar gwagwarmayar Rasha Vera Zasulic ta tambaye shi makomar ƙauyukan ƙasarta, ya nuna mata cewa tarihin da ya bayyana na Yammacin Turai ne, tsarin gama-kai na ƙauyen Rasha yana iya zama tushen da za a yi gini a kai. Tsoho mai littafin yana taka-tsantsan, ni almajiri na nesa ina yanke hukunci kai tsaye. A ɗakin karatun jami'armu ma akwai littafin Polly Hill na 1972 a kan Batagarawa, kusa da mu, inda ta bi gida-gida ta rubuta wa ke sayar da hatsi da kaka, wa ke saye, wa ke jinginar da gona. Na ƙi buɗe shi a lokacin saboda an ce mini ba 'yar aƙidarmu ba ce.

Idan kuma aka duba inda tunanin gurguzu ya bar wa duniya alheri mai ɗorewa, za a ga mafi yawansa ya zo ne ta hannun mutanen da abin ya shafa, suna haɗa kai, suna auna ƙarfinsu kafin su ja daga. Dokar awa goma ta 1847 a masaƙun Ingila, yajin neman awa takwas na Shikago a 1886 wanda ya haifi ranar ma'aikata, yarjejeniyar awa takwas ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919, duk haka suka samu. Bismak na Jamus, wanda ba ya ƙaunar 'yan gurguzu ko kaɗan, ya kawo inshorar lafiyar ma'aikata a 1883 don tsoron ƙarfinsu. A nan gida, yajin gama-gari na 1945 da Michael Imoudu ya ja ya wuce kwana arba'in, waɗanda suka yi shi kuwa su ne suka ɗauki wahalarsa. Masu haƙar kwal 21 da aka harbe a Inugu a 1949 ransu suka sa. A kan matsalar garinmu kuwa, akwai misalan da suka dace da ita sak, na tsallake su saboda ba su da amon juyin juya hali. Mutum 28 na Rocdel a Ingila, da yawansu mabiya ɗan gurguzu Robert Owen, sai da suka tara kuɗi kaɗan-kaɗan kafin su buɗe kantinsu na gama-kai a 1844. Raifaisen a Jamus, ganin yadda masu ba da bashi da ruwa ke cinye gonakin manoma, asusun rance ya kafa musu a 1864, ya bar manomi ya zaɓi ƙofar da zai bi. Matan garinmu da ke adashe sun san wannan hikima tun kafin a haife ni. Ko ɗaya daga cikinsu ba mu gayyata taron filin makaranta ba.

Na je na ba Kawu haƙuri, bayan an daɗe, domin girman kai ya riƙe ni. Na ce, "Kawu, ni na jawo maka." Ya ce, "Fari daga Allah ne, Malam." Na ce ban da fari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Niyyarka mai kyau ce. Amma ka ga, kai ka faɗa ka tafi, mu ne za mu haɗu da shi a masallaci da kasuwa." Bai ƙara ba, ni ma ban kare kaina ba. Na sa abin da zan iya daga albashina, 'ya'yansa suka yi ci-rani suka haɗa, aka fanso rabin fadamar. Ɗaya rabin an riga an mayar da jinginarsa ciniki, yana hannun magadan Alhaji har yau. Sauran magidantan da suka rasa nasu ban iya yi musu komai ba, wasu sun bar garin, kuma ba dukansu na samu na nemi gafara ba.

Falle bai mutu ba, kaya ya sake. Yanzu buhun taki ake bayarwa da damina a karɓi buhunan masara ko shinkafa da kaka, lissafin kuma bai fi na da sauƙi ba. Samarin garinmu da suka yi karatu suna jin zafinsa kamar yadda na ji, ina kuma murna da haka, domin garin da matasansa suka daina jin zafin zalunci ya shiga uku. Da suka zo mini da shawarar a tara mutane a hana biya, na ba su wannan labari duka, har da abin da ya sami Kawu. Sun bi gida-gida sun tambayi masu karɓar takin nawa suke karɓa, a wane wata, me za su yi idan aka rufe ƙofar. Sun zauna da shugabannin adashen mata, su ne ma ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar, duk mai albashi a cikinmu kuma shi ke fara zubawa. Abin da aka tara bana bai kai ya ɗauki ko unguwa ɗaya ba, don haka ba a ce wa kowa ya daina zuwa wurin masu takin ba tukuna.